Shamuwa ta dawo

In bazara ta yi, wajen watan Afrilu ko Mayu, ɗaga kai da safe ka dubi manyan itatuwan gari. Za ka ga wata tsuntsuwa baƙa, cikinta fari, tana ɗaukar ƙirare. Shamuwa ke nan.

Daga kudanci da gabashin Afirka take zuwa, ta yi sheƙa, ta saka ƙwai biyu ko uku. Zuwanta alama ce damana ta kusa. To, manomi ya gyara gona, ya tanadi iri, amma kada ya yi gaggawar shibka sai ƙasa ta jiƙa.

Shamuwa na cin fara mai ɓarnar hatsi. Don haka mu hana yara kwasar ƙwanta, mu bar mata iccenta. In muka kore ta, fara muka yi wa aiki.