Yadda Za Ka Tsare Ƙasar Gonarka Daga Zaizaya

Ya kai mai karatu, in damina ta yi tsaka, a watan Agusta, ka fita bayan an ɗauke ruwa ka duba abin da ke malalowa daga gonarka. Za ka ga ruwan ba fari ba ne, ja ne. Abin nan da ya rina shi ƙasarka ce, ita ce kuwa ta bisa, wadda ta sha taki, wadda gero da dawa da gyaɗa su ke ci. In ta tafi, sai a bar ka da fako, ko rairayi tsura. Wannan shi a ke ce wa zaizaya.

Ƙasar Gafasa da Gaya da Ajingi ba ta da manyan duwatsu, yawancinta jigawa ce. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Ko gangare kaɗan ya isa ruwa ya yi gudu, ƙasa mai rairayi kuwa ba ta da ƙarfin riƙe kanta. Gwargwadon saurin ruwa, gwargwadon ƙasar da ya ke ɗauka. Saboda haka dabarar duka guda ce: ka hana ruwa gudu, ka sa shi ya tsaya ya nutse inda ya sauka.

Mutanen da ke zaune bisa duwatsu sun daɗe da sanin haka. A Sukur, cikin ƙasar Madagali ta Jihar Adamawa, sun jera duwatsu hawa hawa a jikin tsauni, kowane hawa ya zama 'yar gona shimfiɗaɗɗiya. A 1999 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. In masu tsauni sun iya tare ruwa, kai mai jigawa aikinka ya fi sauƙi.

Na fari, ka lura da huɗa. In kunyoyinka sun bi gangare daga bisa zuwa ƙasa, ka gina wa ruwa hanya ke nan da hannunka. Ka gicciya su, kowace kunya ta zama 'yar madatsa. In kana son layin ya daidaita, ka sami tiyo na roba wanda a ke ganin cikinsa, ka cika shi da ruwa, ka ɗaure bakunansa a jikin sanduna 2 masu tsawo ɗaya. Inda ruwan ya tsaya a kan awo ɗaya a jikin sandunan, wuraren nan biyu ba wanda ya fi wani tudu. Ka kafa turaku, ka bi su da garma.

Na biyu, tun da dutse ya yi ƙaranci a wajenku, ka dasa gamba ko jema a bisa layin nan. Saiwarsu ta kan kama ƙasa, ruwa ya tace ya wuce a hankali. Da kaka kuma ka sami abin zana da jinka.

Na uku, in kana da fako, kada ka fid da rai gare shi. A 1989 waɗansu manoma na Illela, ta ƙasar Tawa a Nijar, suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda a ke rayar da matacciyar ƙasa da ramuka. Da suka komo suka yi, suna kiransa tassa. Da rani a kan haƙa rami, faɗinsa kamar inci 10, zurfinsa kamar inci 6, a tara ƙasar ta wajen gangare, a zuba taki cikin hannu. Gara ta kan zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwa ya sami hanyar shiga. In ruwa ya sauka sai a yi shuka a ciki.

Na huɗu, ka ji tausayin itace. Tun 1983 manoman ƙasar Maraɗi suka soma barin tohon kututture in suna sassabe. Su kan zaɓi rassa masu ƙarfi su bari, su sare sauran, har toho ya zama itace. Gawo ya fi duka amfani, gama shi kan zubad da ganye da damina, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen kuwa taki ne. Kada kuma ka kwashe kara ƙaf bayan girbi. Wanda ya saura a ƙasa shi ke kāre ta daga iskar hunturu da ta bazara.

Abu ɗaya ya rage. Ruwa bai san iyakar gona ba. In na bisa ya sake shi, na ƙasa shi ke shan wuya. Sai ku taru da maƙwabtanka gaban mai unguwa, ku fara aikin daga kan tudu, ku gangaro. Kwazazzabo kuwa, ku toshe shi da turaku da ƙirare tun yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Gonar nan gāda ka yi, wani kuma zai gāje ka. Ka yi ƙoƙari ka bar masa ƙasa, ba rami ba.