Yadda Ake Kafa Garkar Jama'a a Ƙasar Faru

Duk wanda ya san ƙasar Faru da maƙwabtanta, Maradun da Bakura da Talata Mafara, ya san Allah Maɗaukakin Sarki ya hore mata fadamu a gefen gulbin Sakkwato, kuma tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978 noman rani ya zama sana'ar gidaje masu yawa. Sai dai shinkafa da albasa amfanin shekara guda ne, itace kuwa, in an dasa shi bisa ƙa'ida, har jikoki sai sun ci. Saboda haka ya kyautu mutanen unguwa su san yadda ake kafa garka ta tarayya.

Abu na farko shi ne fili, kuma ba a sara fartanya sai an tabbatar da halaccinsa. Mai unguwa da liman da sarkin noma su kai magana gaban hakimi, a zaga iyaka da shaidu adilai, a duba kada wurin ya shiga burtali ko mashaya, sa'an nan a rubuta cewa ya zama waƙafi, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Malamanmu ba su yi sakaci da wannan babi ba, domin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hukuncin raya mataccen fili.

Na biyu, ruwa da shinge, waɗanda wajibi ne su riga dashe zuwa. A haƙa rijiya da bazara, lokacin da ruwan ƙasa ya yi nisa iyakar nisansa, domin wadda ta ba da ruwa a wannan lokaci ba za ta ƙafe da sauƙi ba; a kuma kira gayya a kewaye filin da ƙayar magarya, a kafa sandunan aguwa ko bi-ni-da-zugu ta ciki, don kafin ƙayar ta ruɓe shinge mai rai ya tashi ya tare awaki.

Na uku, reno. Tun watan Maris a cika ledoji da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, a jera su a inuwa. Irin ɗorawa da kuka da tsamiya, da yake ɓawonsu na da tauri, a zuba musu ruwan zafi su kwana a ciki kafin a shuka. Mangwaro kuwa gara a nemi mai aure, wanda kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4.

Na huɗu, dasawa, a watan Yuli, bayan damina ta zauna. A haƙa rami kamu ɗaya a zurfi da faɗi, a cuɗa ƙasar sama da taki da toka saboda gara, a tsaga leda ba tare da an wargaza saiwa ba, a dasa da la'asar sakaliya. Mangwaro a ba shi tazarar mita 10, gwaba da lemu mita 6, a kusantar da su ga rijiya. Kanya da aduwa da faru da kuka, masu jure ƙishi, a tura su bakin tudu. A tsakankanin layuka a sa zogale da rama da yakuwa, don a riƙa samun na miya tun shekarar farko, kada himma ta yi sanyi.

Na biyar, wanda shi ne mafi wuya, kiyaye amana; domin abin da kowa ya mallaka, in ba a ɗora wa wani alhakinsa da suna ba, rani biyu na farko sun isa su hallaka shi. A rubuta ranar ban ruwan kowane gida da tarar wanda ya saɓa, a rufe gindin dashe da ƙaiƙayi, a share tsagin gobara da kaka, a naɗa ma'aji amintacce wanda zai karanta lissafi a gaban jama'a. Tun kafin itace ya yi fure a yanke yadda za a kasa amfani: kason masu wahala, da na marayu da makarantar allo, da wanda za a ajiye don yasar rijiya da gyaran shinge. Da haka garka ke zama sadaka mai gudana, kuma masu zuwa daga baya su tarar da sharuɗɗan a rubuce.