Ɗaukar Sufeton Ingancin Kaya a Masana'anta

Kowace masana'anta da ke sarrafa kaya domin sayarwa, ko sabulu ne, ko siminti, ko yadi, ko magani, tana bukatar mutumin da aikinsa shi ne ya ce, "Wannan bai yi ba." Shi ake kira sufeton ingancin kaya. Yakan duba kayan haɗi sa'ad da suka shigo ƙofa, ya ɗebi samfuri ana cikin aiki, sa'an nan ya gwada abin da aka gama kafin a yi lodinsa zuwa kasuwa. In ya sa hannu kaya su fita, in ya ƙi su tsaya.

Kada mai karatu ya zaci wannan ƙaramin muƙami ne. A shekarar 2008 wani maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka yi a Legas, ya hallaka yara aƙalla 84. Da aka bincika sai aka tarar an haɗa shi da dayetilin gilaikol, watau wani ruwa mai guba da ake sa wa cikin man birki, maimakon furofilin gilaikol da aka saba haɗa magunguna da shi. Ga ido kamarsu ɗaya, ba launi, ba wari, gwaji ne kaɗai ke raba su. Irin wannan guba ce ta kashe yara 109 a Ibadan da Jos a 1990. A 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai, ɗayansu kuwa shi ne mai kula da inganci.

To, wane irin mutum za a ɗauka? Da fari a duba takardar shaidarsa, a tabbata karatunsa ya dace da irin kayan da ake yi. Mai difloma ta aikin ɗakin gwaje-gwaje daga kwalejin fasaha ya dace da masana'antar abinci ko magani. Wanda ya karanci injiniyan injuna ya fi dacewa da wurin ƙera ƙarafa. Amma takarda ba ta awo. Lalle ne a kai shi cikin ma'aikata, a ba shi kaya goma waɗanda aka cusa biyu marasa kyau a cikinsu, a miƙa masa sikeli da sauran ma'aunai, a ga ko zai zaƙulo su. A lura kuma ko zai tambayi ranar da aka daidaita sikelin, gama mai awo da sikelin da ya karkace ƙarya yake rubutawa bai sani ba. A sa shi ya rubuta rahoton abin da ya gani. In masaƙa ce ko kamfanin fenti, likita ya duba idonsa, domin akwai mutanen da ba su iya bambanta ja da kore.

Abin da ya fi waɗannan wuyar ganewa shi ne hali. Ranar da mota ke jira a ƙofa, dillali ya riga ya biya, manaja yana ta faɗa, ran nan ake sanin sufeto. Saboda haka a tuntuɓi inda ya taɓa aiki, a tambaya ko ya taɓa tsai da kaya, da yadda aka ƙare. Mu dai a ganinmu, bai wa ɗan'uwan mai kamfani ko surukin manaja wannan kujera ganganci ne, don kunya za ta hana shi magana. Har wa yau, kada a sa shi ƙarƙashin manajan sarrafa kaya, wanda shi yawan abin da aka fitar ne damuwarsa. Rahotonsa ya riƙa tafiya kai tsaye ga shugaban kamfani, kuma kada a ɗaura albashinsa a kan yawan katan ɗin da suka fita.

Sai a tuna akwai doka. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kula da ingancin kaya, wadda yanzu ake kira SON, a 1971, ita ce ke tsara ƙa'idodin da kaya za su cika kafin su sami tambarin NIS. Abinci da magunguna kuwa suna hannun NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Jami'an hukumomin nan in sun zo masana'anta, littafin gwaje-gwajen sufeto suke nema su gani. Don haka tun ranar da ya kama aiki a ba shi kwafin ƙa'idar da ta shafi kayanku, da littafin rubuta sakamako mai lambar shafi, da makullin ɗakin da ake ajiye kayan da aka ƙi.