Me Ya Sa 'Yan Wasan Futsal Ke Gajiya da Wuri?

Masu horar da ƙungiyoyin futsal sun sha yin wannan kuka: yara na zagaya fili da sassarfa kowace safiya, amma da an take wasa, kafin minti biyar sun fara haki, fasin ɗinsu ya lalace, kowa ya bar wurinsa. Sai koci ya ƙara musu gudu, alhali ba a nan gizo ke saƙar ba.

Tun da Juan Carlos Ceriani ya ƙirƙiro wasan a Montevideo ta ƙasar Uruguay a 1930, cikin ƙuntataccen wuri ake yin sa. Mutum biyar-biyar ne a fili mai tsawon mita 40 da faɗin mita 20. Kowane zagaye minti 20 ne, agogo kuma na tsayawa da zarar ƙwallo ta fita, sannan daƙiƙa 4 kacal ake ba ka ka dawo da ita. Abin da jiki ke yi a ciki shi ne zabura, tsayawa kwatsam, juyawa, da sake zabura. Sassarfa ba ta shirya jiki domin wannan.

Akwai kuma gajiyar da rashin dabara ke haifarwa. Ɗan wasan da bai san inda zai tsaya ba, bin ƙwallo yake yi duk inda ta nufa, ya ƙarar da ƙarfinsa a banza. Idan numfashi ya ƙare, tunani na raguwa, ƙafa ta daina biyayya, sai ƙeta ta yawaita. A futsal kuwa ƙeta na da tsada: daga ta shida a zagaye ɗaya, za a ba abokan hamayya bugu daga mita 10 ba tare da katanga ba.

Maganin shi ne a haɗa dabara da juriya da gwaninta a atisaye ɗaya, da ƙwallo a ƙafa.

Ka fara da ƙananan wasanni: biyu da ɗaya, uku da biyu, huɗu da huɗu. A buga da iyakar ƙarfi na minti uku zuwa huɗu, a huta, a koma. Haka wasan gaske yake, tunda doka ba ta ƙayyade yawan canji ba, manyan ƙungiyoyi kan fitar da ɗan wasa ya huta bayan 'yan mintuna.

Ka riƙa sa sharaɗi. Idan ka ce kada kowa ya taɓa ƙwallo fiye da sau biyu, dole ɗan wasa ya ɗaga kai kafin ta iso shi, ya tare ta da tafin ƙafa, ya motsa bayan ya bayar.

Ka koyar da tsari ɗaya har ya zauna. Tsarin 3-1, wato uku a baya ɗaya a gaba, ya fi sauƙi ga masu tasowa, domin akwai ɗan gaba da ake jingina da shi. Tsarin 4-0, wanda ba shi da ɗan gaba, na buƙatar musayar wuri ba ƙaƙƙautawa, don haka sai jiki ya yi ƙwari.

Ka ware lokaci domin matsa wa abokan hamayya a gidansu, mutum huɗu su taso tare. Idan ɗaya ya makara, sauran ukun sun yi wahalar banza.

Kada kuma a yi watsi da ƙarfafa cinya da gwiwa da idon sawu sau biyu a mako, domin juyi a kan daɓe mai tauri na cin gaɓoɓi.

Abin na buƙatar haƙuri. Maroko ta ci kofin futsal na Afirka a 2016 da 2020 da 2024, duk a hannun koci ɗaya, Hicham Dguig, wanda aka bar shi ya gina tsarinsa shekara da shekaru. Kai ma ka ba yaranka watanni a kan tsari ɗaya kafin ka yanke hukunci a kansu.