Hayaƙin Farar Wuta: Abinci ga Tsiro, Guba ga Ganye

Farar wuta, wadda ake sayarwa a kasuwanni ana maganin ƙazwa da ita, tana cikin sinadaran da babu tsiron da zai rayu ba tare da su ba. Idan ta ƙone sai ta haɗu da iskar oksijin, ta zama wata iska marar launi mai shaƙe maƙogwaro, wadda akan ji warinta idan an ƙyasta ashana, masana kuma suna kiranta salfa-dayoksaid, suna rubuta ta SO2. Wannan iska tana fitowa daga duwatsu masu aman wuta, da ƙona kwal da man da ba a tace sosai ba, da kuma masana'antun narkar da tama, domin yawancin tamar jan ƙarfe da dalma da tutiya a haɗe take da farar wuta tun a cikin ƙasa.

Ta ganye wannan iska take shiga jikin tsiro. A jikin kowane ganye akwai ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, da su tsiro yake shaƙar iskar da yake haɗa abincinsa da ita, ta nan kuma yake fitar da tururin ruwa. Muddin ƙofofin a buɗe suke, ba su da ikon zaɓen abin da zai shiga. Da zarar hayaƙin ya shiga sai ya narke cikin damshin ganyen ya zama salfayit, wanda guba ne mai lalata koren sinadarin da ganye yake kama hasken rana da shi, mai kuma huda fatar ƙwayoyin halittar ganyen. Amma tsiro ba ya zama kurum a ci shi da yaƙi. Yana da wani inzayim, wato sinadarin da ke hanzarta sauya wani abu zuwa wani, da yake mayar da salfayit ya zama salfet, wanda cutarwarsa kaɗan ce, sai ya adana shi. Yana kuma iya bi da shi ta wata hanyar, ya gina sistin da metiyonin, waɗanda suna cikin tubalan furotin, sannan daga sistin ya gina gulutatiyon, sinadarin da yake kare kansa da shi a lokacin fari da tsananin zafi da ƙasa mai gurɓataccen ƙarfe. Ke nan idan hayaƙin kaɗan ne, ƙasar kuma ba ta da isasshiyar farar wuta, tsiron yana cin moriyarsa kamar yadda yake cin moriyar taki.

Ɓarna tana farawa ne a lokacin da abin da ke shiga ya fi ƙarfin abin da ganye yake iya sarrafawa. Alamarta sananniya ce: naman ganyen da ke tsakanin jijiyoyi yakan yi fari ko ja-ja ya bushe, jijiyoyin kuwa su tsaya da korensu. Auduga da sha'ir da itatuwan fir masu ganye kamar allura ba sa jimrewa, masara kuwa tana da dama-dama. Wani abin lura shi ne, shukar da ta ƙoshi da ruwa ta fi saurin ƙonewa fiye da wadda fari ya matsa wa, domin mai ƙishirwa ta riga ta rufe ƙofofinta don tattalin ruwa, guba ba ta sami hanya ba. Tsirrai da yawa kan rufe ƙofofin da sun ji hayaƙin, sai dai wannan kariya tana da tsada, tunda ganyen da ya rufe ƙofa ya daina haɗa abinci, amfanin gona kuma ya ragu ko da ba a ga tabo ko ɗaya ba.

Ta hanyar asara mutane suka fara sanin wannan ilimi. A shekarar 1783 dutsen Laki na ƙasar Aisland ya yi aman wuta har wata takwas, hazonsa ya lulluɓe Turai, ganyen amfanin gona ya ƙone a ƙasashe da dama. A tsakiyar ƙarni na 19 wani masani Bajamushe mai suna Stöckhardt ya nuna cewa wannan iska ce take kashe dazuzzukan da ke kusa da masana'antun tama na Freiberg. Daga baya manoman jihar Washintan ta Amurka suka kai kuka kan hayaƙin da ke tsallako iyaka daga masana'antar dalma da tutiya ta garin Trail a Kanada, kotun sulhu kuma ta yanke hukunci a 1941 cewa babu ƙasar da ke da ikon barin hayaƙinta ya cutar da maƙwabciyarta. A Sudbury, nan ma a Kanada, inda hayaƙin masana'antun tama ya sa tsaunuka suka zama ƙwal babu ko ciyawa, an gina bututun hayaƙi mai tsawon mita 381 a 1972. Wannan dabara ta gajeren tunani ce, domin iskar garin ta yi sauƙi, amma hayaƙin ya tafi nesa ya sauko cikin ruwan sama mai tsami a kan tafkuna.

Don magance hayaƙin da ke tsallake iyaka, ƙasashen Turai sun ƙulla yarjejeniya a Janeba a 1979, da yawa daga cikinsu kuma suka yi alkawari a Helsinki a 1985 cewa za su rage wannan hayaƙi da kashi 30 cikin ɗari, daga baya ma suka zarce haka nesa. Sai ga wani abin da ba a zata ba: gonakin Ingila da Jamus, musamman na wani ɗan'uwan kabeji da ake matse mai daga irinsa, suka fara nuna yunwar farar wuta, domin shekara da shekaru hayaƙin masana'antu ne yake yi musu taki ba tare da manoma sun sani ba. Yanzu sayen takin suke yi, kuma hakan ya fi, domin abin da ya shiga ta saiwa ana iya auna shi, abin da iska ta kawo kuwa ba ya da mudu.

Wannan batu ya shafi manomin ƙasar Hausa kai tsaye, domin ƙasar jigawa da ta sauran yankin sabana ba ta da wadatar farar wuta, ƙone daji da karan gona kuma yana tura ɗan abin da ke cikin tsirrai sama ya bi iska. Gyaɗa da wake da albasa da tafarnuwa suna buƙatarta ƙwarai, warin albasa ma daga gare ta yake. Takin yuriya ba ya ɗauke da ita ko kaɗan, takin supa kuwa yana da kimanin kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari. Ana gane yunwarta idan sabbin ganyen sama suka yi ruwan ɗorawa, saɓanin yunwar naitirojin wadda ke fara bayyana a tsofaffin ganyen ƙasa. Manomin da ya ga wannan alama a gonarsa, kada ya yi gaggawar ƙara yuriya. Ya nemi malamin gona ya duba masa, ya riƙa zuba takin gargajiya, ya kuma daina cinna wa karan gonarsa wuta bayan girbi.