Ɗan ɗaki a bakin gona

Yara, wa ya taɓa kwana a gona da damina? Manoma da yawa gonakinsu na nesa da gari. Idan shuka ta yi, sai su tashi su koma can har a gama girbi. A wurin babu wayar lantarki, babu famfo, babu kanti. Yau za mu ga yadda ake tsara ɗan ɗaki a irin wannan wuri, wanda zai daɗe, kuma ba zai cinye dajin da ke kewaye da shi ba.

Aikin farko shi ne zaɓen wuri. Ba a gini a kwari ko a hanyar ruwa, ko da wurin ya yi kyau da rani. A nemi tudu mai ƙasa tauri. Sannan a lura da iska. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Saboda haka mai hankali ba ya buɗe ƙofarsa gabas. Idan akwai gawo kusa, a bar shi. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi sabo da rani, lokacin da ake neman inuwa.

To, da me za a rufe ɗakin? Nan ne matsalar take. Kakanninmu da azara suke rufi, ta giginya ko ta goriba. Amma giginya tana shekaru da yawa kafin ta isa sara, kuma masu gini sun yi yawa, itatuwa sun ragu. Kwano kuma da tsada, ga zafi da rana kamar tanda, ga ƙara idan ana ruwa.

Akwai wata dabara: gini maras icce. Asalinta daga Nubiya ne, a kudancin Masar, inda icce ya yi wuya tun zamanin da. A Nijar an fara gwada ta a 1980 a garin Shikal, kusa da Filinge. Daga baya aka koya wa magina a wurare da yawa, har Iferwan cikin duwatsun Ayar. Bango da rufi duka na tubalin ƙasa ne da aka shanya a rana. Tubalin bango manya ne, na rufi ƙanana marasa nauyi. Magini yana kafa sanda a tsakiyar ɗaki, ya haɗa mata abin awo mai juyawa. Da shi yake jera tubali zagaye bisa zagaye, kowane zagaye ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta, har su haɗu a sama kamar ƙwarya a kife. Kowane tubali yana danne maƙwabcinsa, shi ya sa ba su faɗuwa. Da nake zagayen makarantu na shiga irin wannan ɗaki da tsakar rana a watan Afrilu, na ji sanyi kamar kusa da randa. Bango mai kauri ne ke jinkirta zafi, ba ya isowa ciki sai dare ya yi.

Amma kada ku gwada shi ku kaɗai. Aikin magini ne wanda aka koya wa. Kuma ɗakin ƙasa yana son kulawa: indararo mai tsawo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango, da yaɓe kafin kowace damina, musamman a bangon gabas.

Ɗakinmu metir 4 ne tsawo, metir 3 faɗi. Ya ishi gado, da buhunan hatsi, da kayan noma. A buɗe masa taga biyu ƙanana, ɗaya kudu ɗaya arewa, don iska ta ratsa.

Sai ruwa. Ku riƙe wannan: idan ruwan sama na milimetir 1 ya sauka a fili mai murabba'in metir 1, litir 1 ke nan. Ruwan da ya gangaro daga rufin ƙasa yana da laka, sai dai a ba shuka. Amma idan aka yi ƴar rumfar kwano a gaban ɗaki, aka sa tano ƙarƙashinta, za a tara ruwan wanki da na wanka. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufin ya zube. Ruwan sha kuwa sai an tace an tafasa. Salga a haƙa ta can gangare, aƙalla metir 30 daga rijiya.

Wuta fa? Rana ce za ta ba mu. Ƙaramin faifan hasken rana guda, da batir, sun isa su kunna fitila biyu da rediyo, su cika salula. A kafa faifan yana kallon kudu, a ɗan karkace, inda inuwa ba ta faɗa masa. A riƙa share shi da tsumma mai laushi, don ƙura tana rage masa ƙarfi. Wani ɗan ƙasarmu, Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi shekaru yana binciken amfani da ƙarfin rana. Ya rasu a 1991, kuma sunansa ne jami'ar Yamai take ɗauke da shi.

Girki a waje za a yi shi, ƙarƙashin rumfa, a murhu mai tare iska irin Mai Sauƙi, wanda ba ya cin icce kamar duwatsu uku.

Kalmomi
tubali: la brique
rufi: le toit
indararo: la gouttière
faifan hasken rana: le panneau solaire

Tambayoyi
1. Me ya sa ba a buɗe ƙofa gabas?
2. Me ke hana tubalin rufi faɗuwa?
3. Rumfar kwano tana da tsawon metir 3 da faɗin metir 2. An yi ruwan milimetir 500 a damina. Litir nawa ya sauka a kanta? Tano nawa mai cin litir 200 zai cika?
4. Tambayi wani tsoho a unguwarku da wane icce aka rufe ɗakin da aka haife shi, kuma ko ana samun iccen kusa har yanzu.