Darasin Wannan Wata: Saita Na'urar Sitiyari

Jirgin ƙasa ya fara isowa Kano a 1911, kuma ba shi da sitiyari, dogo ne ke yi masa jagora. Mota kuwa, daga hannun direba sai tayoyinta. Shi ya sa masu mota daga ƙauyuka ke kai ta garejojin da ke kewayen Tashar Jirgin Ƙasa, a Fagge da Sabon Gari, domin saitin ƙafa. To, motocin yau suna buƙatar wani saitin bayan wannan.

A bayan sitiyarin yawancin motocin Kwatano akwai wata ƙaramar na'ura da ake kira sansa. Aikinta shi ne ta gaya wa kwamfutar mota inda direba ya juya sitiyari. Idan mota ta fara sulɓewa a kwana lokacin damina, sai kwamfuta ta kama birkin taya ɗaya, ta dawo da ita hanya. Kamfanin Bosch na Jamus da Mercedes ne suka fito da wannan dabara a 1995. Daga 2014 ta zama tilas ga kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai.

Idan an ɗaura sansa a karkace, ƙarya za ta riƙa gaya wa kwamfuta. Sai fitilar gargaɗi ta kama, kariyar ta daina aiki, ko birki ya kama ba dalili.

Ga yadda ake aikin:

1. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, tayoyin gaba suna kallon gaba sak.
2. A cire batir, a dakata 'yan mintoci, kada jakar iska ta fashe.
3. A yi alama kafin a zare sitiyari.
4. Naɗaɗɗiyar wayar da ke bayansa a bar ta a tsakiya. In ta goce, tsinkewa za ta yi.
5. A mayar da komai, a yi saitin ƙafa.
6. A jona na'urar gwaji, a nuna wa kwamfuta cewa nan ne tsakiya.

Ɗan'uwa direba, kada ka yarda a cire ƙwan fitilar gargaɗi a ce an gyara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi:
1. Mene ne aikin sansa?
2. Don me ake cire batir?